Rarar Kunun Aya

Makera, Kaduna.

Assalamu alaikum Abdulmalik. Ina fata kana lafiya, kana kuma sallah a kan lokaci. Na rubuto ne don a waya ba ka barin babba ya gama magana.

Tsarin masana'antarku da ka kafa mini a kicin lokacin hutunka, na bi shi. Ba na haɗa kunun aya sai masu shaguna sun yi oda. Katin da ka kira kanban yana cikin buhun aya, da ya bayyana na san aya ta kusa ƙarewa, sai in aika kasuwa a sayo wata. Kunu ya daina tsami a hannuna, wannan ban musa ba.

Amma ka ce yin fiye da abin da aka nema shi ne babbar asara. To, rarar nan ita nake aika wa maƙwabciyata Damaris tun kana goye, ita kuma ta aiko mini da gwate. Yanzu babu rara. Jiya a bakin famfo ta ce, "Hajiya, laifi na yi, ko injiniyanki ne ya shanye rabonmu?" Dariya ta yi, amma gwatenta ya daina shigowa. Ilimin da zai raba ni da maƙwabciya ba ilimi ba ne. Ka gyara abin da ka ɓata.

Allah ya shirye ka.
Mahaifiyarka, Hauwa.

Legas.

Wa alaikumus salam Umma, ina gaisuwa da ladabi. Tuba nake. Asara a wurinmu ita ce abin da babu mai buƙatarsa, Mama Damaris kuwa tana buƙata. Ki ware mata kwano guda. Duk ranar da ta dawo da shi wayam, odarta ke nan, sai ki cika. Kwanon ya zama kanban ɗinta.

A sa ni a addu'a.
Ɗanki, Abdulmalik.

Makera.

Abdulmalik, bayan gaisuwa. Maƙwabci ba ya yin oda, ka riƙe wannan. Nata nake fara zubawa kafin na masu shaguna.

Kwanonka kuma ya ƙi aiki. Damaris ta ce ita ba a haife ta a gidan da ake mayar da kwano wayam ba. Kullum da gwate yake dawowa, sai na cinye kafin in samu wurin zuba kunu. Har na fara ƙiba. Ka tambayi manajanku me ake kiran wannan.

Allah ya yi maka albarka.
Umma.