Takalmin Mildred na Ƙafar Dama

Daga:
Emilia Nathan Dogara,
Malamar firamare mai ritaya,
Bayan Tashar Jirgin Ƙasa, Kafanchan,
Jihar Kaduna.

22 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Kula da Ma'aikata,
Kamfanin Jiragen Sama na Shamuwa,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TAKALMIN DA AKA TILASTA WA MA'AIKATAN CIKIN JIRGI MATA, DA HALIN DA ƘAFAR 'YATA MILDRED NATHAN TAKE CIKI

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki, ina neman izini in gabatar da kukana a gabanka. Ni ce mahaifiyar Mildred Nathan, wadda take aikin kula da fasinjoji a cikin jiragenku tun shekarar 2022. Tun da farko ina so ka sani cewa Mildred ba ta aiko ni ba. Ta ma roƙe ni har da hawaye kada in rubuta. Idan akwai laifi a wannan takarda, a ɗora shi a kaina. Na koyar da yara shekara talatin da ɗoriya ban taɓa kai ƙarar kowa ba, amma yau tsoro ya fi ƙarfin kunyata.

1. A lokacin da Mildred ta fara aiki, tsarinku mai kyau ne, kuma na yaba. Ma'aikaciya tana sa takalmi mai tsini a filin jirgi da lokacin tarbar fasinjoji, da zarar an rufe ƙofa sai ta canza zuwa baƙin takalmi mara tudu, mai laushi, wanda za ta iya tura keken abinci da shi ta tsaya da ƙafafunta idan jirgi ya shiga gargada. Ranar 6 ga Janairu na wannan shekara sabuwar shugabar sashensu ta soke wannan tsari. Ta ce daga tashi har sauka mai tsini za a sa, kuma na kamfani kaɗai, domin fasinjoji suna ɗaukar hoto suna sawa a waya. Ranka ya daɗe, ni ban taɓa shiga jirgin sama ba, amma ban ji labarin wanda ya sayi tikiti don ya kalli dunduniyar 'yar mutane ba.

2. Takalmin da kamfani ya raba bakinsa siriri ne ƙwarai, kuma duk lambobinsa faɗinsu ɗaya. Mildred kuwa ƙafar gidanmu ta ɗauko. Ta tashi tana bin kakarta gonar citta a Kwoi, ƙafarta shimfiɗaɗɗiya ce, yatsun a baje, irin wadda ba ta san matsi ba. Ta nemi a ba ta lamba ta gaba, ta sa, sai yana fita daga dunduniya idan tana tafiya. Ta koma wa na farko. Ta kai kukanta wurin shugabar sau biyu. An amsa mata cewa wadda ƙafarta ba ta dace da aikin ba, ai ta san hanyar ƙofa, kuma akwai 'yan mata da yawa a waje suna jiran gurbin. Daga nan ta ja bakinta ta yi shiru, har mu iyayenta ba ta gaya mana ba. Kullum a waya sai ta ce lafiya lau, aiki da godiya.

3. Ga yadda asiri ya tonu. A cocinmu na Katolika, ranar Alhamis Mai Tsarki kafin Ista, Fada, wato limamin cocin, yakan durƙusa ya wanke ƙafar mutum goma sha biyu a gaban bagade, kamar yadda Ubangiji ya yi wa almajiransa. Bana ƙungiyarmu ta Zumuntar Mata aka ba gurbi uku, ni kuwa da rawar kaina na kai sunan Mildred ba tare da na faɗa mata ba. Ina so a ga 'yata mai yawo a sama. Ranar 17 ga Afrilu ta sauka daga aiki ta kamo hanya daga Abuja ta Kagarko, motarsu ta ɓata lokaci, ta iso ana gab da fara sujada, da kayan aikinta da takalminta a ƙafa. Da aka kira sunanta ta juyo ta dube ni. Na zaci kunya ce, har na yi mata alama da hannu ta tashi.

Ta zauna a kan benci tare da sauran. Fada ya zo kanta da daro da buta da tawul, ya durƙusa. Ta kama takalmin dama ta ja, ya ƙi fita. Ta sake ja tana cije leɓe, ya fito, amma safar ta manne da yatsu. Fada da kansa ya zuba ruwa a hankali har safar ta saki. Ruwan daron ya canza launi. Ƙaramin yatsanta da na kusa da shi sun kumbura suna fitar da mugunya, gefen ƙaramin ya fara baƙi. Ƙungiyar mawaƙa tana ta waƙa ba su san abin da ake ciki ba. Ni ina layi na biyu, kuma kafin idona ya gama gani hancina ya riga ya gaya mini, domin na san wannan warin.

4. Dole in yi maka bayanin inda na san shi, ko da yake ba al'adarmu ba ce mu baza cikin gida a takarda. Mijina, Nathan Dogara, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma yana da ciwon suga kamar yadda mahaifinsa ya yi. A shekarar 2016 ya sayi sabon takalmi don bikin ɗan ƙanensa a Fadan Kaje. Takalmin ya ɗan matse shi, ya yi masa bororo bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Muka yi dariya, muka ce ango ma bai yi kwalliyarsa ba. Bororon ya fashe ya ƙi warkewa. Aka yanke yatsa, aka dawo aka yanke rabin tafin, daga ƙarshe aka cire ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. Ranar Alhamis ɗin nan yana zaune a layin gaba da sandunansa, domin nan ake ajiye masu rauni. Ya ga abin da ke cikin daron. Mutumin da aka yanke wa ƙafa bai yi kuka ba, ranar ya sa fuska a cikin hularsa a gaban jama'a.

An ce wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. Na yarda ni ce wannan mutumin. Amma abin da na gani ba tsumma ba ne.

5. Daga coci muka wuce wurin maƙwabciyarmu Hajiya Rahmatu, wadda nas ce, tare muka yi renon yaranmu. Ta wanke ciwon, ta gwada jinin Mildred, ta sake gwadawa. Washegari ta raka mu wurin likita. Ya tabbatar cewa sugan jininta ya fara hawa, bai yi nisa ba tukuna, kuma da magani da kiyaye abinci za ta yi aikinta kamar kowa. Amma ya ce idan ƙafar ta sake shiga wannan takalmi kafin ta warke, shi ba zai ɗauki alkawarin yatsan ba. Takardarsa tana haɗe da wannan.

Mildred kuwa an sa ta a jirgin ranar 28 ga wannan wata, kuma ta ce za ta je. Ta ce za ta naɗe yatsun da auduga ta cusa, kamar yadda ashe take yi tun watan Fabrairu. Ta ce abokan aikinta da yawa haka suke yi, akwai mai shan maganin kashe zafi kafin kowane tashi, ba mai magana don kada a sauke ta daga jirgi. Tana tsoron rasa aikin fiye da yadda take tsoron rasa yatsan, saboda ita ba ta kwana a ɗakin asibiti ta ga yadda abin yake hawa ba. Ni na kwana. Tun daga ranar Alhamis ban ci abincin kirki ba, Ista ta zo ta wuce ban san ta zo ba. Ina jin tsoro, ranka ya daɗe, tsoro irin wanda ban ji ba tun ranar da aka tura mijina ɗakin tiyata.

6. Na san da na ambaci ciwon suga na miƙa muku abin da za a iya korar 'yata da shi. Na yi ta juya wannan a raina kafin in sa biro a takarda. Na zaɓi in faɗi gaskiya in dogara ga adalcinka, domin wuƙa da nama suna hannunka, kuma ina kyautata zaton kai ma uba ne.

Saboda haka, cikin ladabi da girmamawa, ina roƙon waɗannan abubuwa. A ba Mildred hutun jinya har likita ya sallame ta, a cire sunanta daga jirgin ranar 28, kuma kada wannan takarda ta zama sanadin tuhuma ko kora a gare ta. A maido da takalmi mara tudu a cikin jirgi kamar da, ga dukan ma'aikata mata, ba ita kaɗai ba. A bar kowace ta gwada takalmi da ƙafarta kafin a ba ta, a kuma samar da mai faɗin baki ga masu ƙafa irin tamu. Idan da hali, a sa likitan kamfani ya duba ƙafafun sauran 'yan matan ba tare da shugabarsu tana tsaye a kansu ba.

A cikin ledar da ke tare da wannan takarda za ka sami takalmin Mildred na ƙafar dama. Na ɗauke shi ba da saninta ba, ban kuma wanke shi ba. Ina roƙonka ka leƙa cikinsa kafin ka yanke hukunci. Na hagun yana wurinta, kuma ba ta isa ta hau jirgi da shi shi kaɗai ba. Idan hana ta zuwa aiki laifi ne, ni na yi shi.

A kasuwar Kafanchan ba a sayar da takalmi ƙafa ɗaya. Duk Kirsimeti nakan saya wa mijina sabo, ya sa na hagu, in tura na dama ƙarƙashin gado. Suna nan a jere, sababbi, ba wanda ya taɓa taka ƙasa. Ranka ya daɗe, don Allah kada ku sa in fara tara na mata a gefensu.

Ina jiran amsarka da dukan girmamawa. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sauki jiragenku lafiya da duk wanda ke cikinsu.

Taka mai biyayya,

Emilia Nathan Dogara
Mahaifiyar Mildred Nathan