Salansa a Ƙofar Gidan Makoki

Laraba da dare, Gwarzo

Motata ce, ni na saye ta ta hannu, amma mijina Abban Hanifa ya kai ta Kabo aka sauya mata salansa ban sani ba, wai don ta yi murya.

Ta kuwa yi. Yau na je Gude ta'aziyyar maƙwabcin surukata. Ina isa ana addu'a, na ɗaga ƙafa daga totur, sai motar ta saki tau! tau! kamar bindiga. Maza suka watse, liman ko takalmi bai ɗauka ba. Inna, surukar tawa, ta dube ni ta ce, "Sannu da zuwa, 'yar boko."

Da na gaya wa mijin nawa, idonsa har ƙyalli yake: "Sau nawa ta buga?"

Gobe sadakar uku. Na ɗora masa makullin motar a kan hularsa. Goben ya je ya ƙirga da kansa a gaban uwarsa.