Hitar da Ke Mutuwa da Asuba

Litinin, 8 ga Janairu

Hitar ta sake mutuwa. Kwana uku ke nan.

Tun da ruwa ya rusa rabin gidanmu muke kwana a motar nan mai ɗaki da mai gonar tuffa ya ara wa Baba, ni da shi da Kaka Hadda. Wurin wani tsohon Bature mai gonar ya saye ta a bakin teku. Da gado, da murhu, har da hitar ɗumama ɗaki mai cin gas. Da asuba sai ta yi ƙas, ƙas, ƙas, jar fitila ta kama, shi ke nan. Da hantsi kuma ta tashi kamar ba ita ba. Ban gane ba.

Tarin Kaka ya ƙaru.

Talata, 9 ga Janairu

Baffa Addi ya hawo daga gari da tasinsa. Da rana ya zo, yana dannawa ta kama. Ya ce da Baba, "Yaya, wannan ce gawar? Ko dai yatsanka ne ya mutu?" Baba ya ce ya zo da asuba in ya isa. Ya kwance batir, ya busa wani bututu, ya sha shayi kofi uku da burodi da man zaitun, ya ce ya gyara.

Ni kuma wai, "Itto, har yanzu ba a saya miki baki ba?" Na shige bayan labule.

Laraba, 10 ga Janairu

Ba ta gyaru ba.

Alhamis, 11 ga Janairu

Baba ya yanke magana. In Lahadi, ranar kasuwa, ta zo ba a gyara ba, Baffa zai tafi da Kaka gidansa. Kaka ta ce, "Hawa na huɗu, ba akuya, ba dutse? Ku kai ni maƙabarta mana, ta fi kusa." Baba ya ce, "Inna, ƙirjinki nake ji." Ni ba za a tafi da ni ba, saboda kiwon awaki da gashin burodi. Tun rasuwar Umma a bayan Kaka nake kwana. Wa zai ɗumama mata ƙafa a can?

Na jijjiga tukunyar gas, tana ƙara, da sauran da yawa. To me ya hana? Wutar murhu ma da asuba ƙanƙanuwa take, ruwan shayi sai ya ga dama. Me ya haɗa murhu da hita? Kaka ta ce hitar kewar teku take yi.

Juma'a, 12 ga Janairu

Yau na zauna na sa wa hitar ido. Ba ta kama ba sai da rana ta zagayo gefen ƙaramar ƙofar da tukunyar ke ciki, ta waje. Kafin nan na taɓa tukunyar, yatsana ya manne don sanyi.

Sai na tuna ba ta Baturen ba ce. Tasa doguwa ce, ta ƙare tun lokacin tsinkar tuffa, Baba ya jefa ta gindin bishiya ya ɗaura tamu ta girki. "Gas ai gas ne," in ji shi. Amma tamu da can a ɗakin girki take zama, kusa da tanda.

Gas yana jin sanyi? Ko a firamare ba a gaya mana ba. Na tsaya gaban Baba zan faɗa, abin da ya fito shi ne, "Shayi ya yi."

Asabar, 13 ga Janairu

Baba na masallaci na hura itace a waje, na ɗumama ruwa. In gas ya kusa ƙarewa Kaka kan sa tukunya cikin bahon ruwan ɗumi. Ni ban iya ɗaga ta ba, sai na jiƙa tsohon bargo na naɗe ta. Na danna. Ta kama. Da bargon ya huce ta mutu.

Baba ya dawo ya tarar da sauran ɗumi, ya ce wataƙila gyaran Addi ne ya fara aiki. Na miƙa masa shayi, na bar wa Baffa yabon. Me ke damuna ne?

Lahadi, 14 ga Janairu

Baffa ya zo da sassafe. An ɗaure ƙunshin Kaka, ta zauna a kansa ba ta kallon kowa. Ban san lokacin da na ce, "Baba, tukunyar ce" ba. Muryata sai ka ce ta ɗan akuya. Baffa ya ce, "A'a, ashe an sayo bakin."

Na yi musu dabarar bargo a gabansu. Ta kama. Baffa ya ce dama shi ma ya yi zargin haka, a kawo garwashi a sa ƙarƙashinta. Baba ya ce, "Ka tashe mu sama gaba ɗaya ke nan." Ya ɗauko doguwar tukunyar suka tafi kasuwa.

Mai gas ya ce iri biyu ne. Na girki yana kwanciya in sanyi ya yi tsanani, na doguwar ba ruwansa. Ya canza musu da cikakkiya.

Litinin, 15 ga Janairu

Asuba ta yi hitar tana ta huci. Kaka ta kwance ƙunshinta, ta ce zafi ya yi yawa, amma ƙafarta na jikin tawa.

Baffa a nan ya kwana, da safe tasinsa ta ƙi tashi. Na ce ko a kawo masa bargo. Baba ya yi dariya har da tari.

Sai yanzu na lura daga bakin ƙofa na faɗi maganar bargon, ba daga bayan labule ba. Wataƙila don an cire labulen ana wankewa ne.