Rijiyar Barau a Hanyar Yekuwa

Waca, ƙasar Magarya
7 ga Jimada Awwal, 1368

Zuwa ga yayata Ɗela, a Wad Madani.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Jibo da yara duka. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Hatsi ya yi kyau bana, gyaɗa ce dai ba ta yi yadda muka so ba. Matata Saratu ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata sunanki. Inna tana nan da ƙarfinta, sai ciwon gwiwa da ke hana ta zuwa kasuwa.

Yaya, maganar ƙanenmu Barau ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin tuna na rubuta miki shekara biyar da suka wuce cewa an kira ni ofishin kumandan a Magarya, aka karanta mini takarda wai jirgin saman da yake aiki a ciki ya ɓace a tekun Dakar. Tun ranar Inna ta hana kowa ya ce masa marigayi. Cewa take wanda ya ɓace daban, wanda ya mutu daban. Da aka aiko da lambar girma daga bariki ma ko taɓa ta ba ta yi ba, ni na ajiye ta. Matarsa Hinda kuwa tana nan tare da mu duk tsawon shekarun nan, ba aure, ba takaba, ba ta taɓa buɗe baki ta yi ƙorafi ba.

Ke kika goya shi, kin fi kowa sanin halinsa. Har yau in na ga kwaɗon ƙofar rumbu sai na tuna ranar da ya kwance na Baba ɗaya bayan ɗaya don ya ga abin da ke ciki, kika ɓoye shi a bayan randa har Baba ya huce. Bayan tafiyarku ya bi motar gyaɗa a Magarya yana koyon gyaran inji. Yakan dawo ranar Juma'a hannu baƙi ƙirin, Inna ta hana shi sa hannu a akushi sai ya goge da toka, shi kuwa yana dariya yana cewa wannan baƙin ai shi ne tuwon. Wannan sana'a ce ta sa da aka ɗauke shi soja Faransawa suka mayar da shi wajen sojan ruwa. Sau ɗaya ya zo hutu, da fararen kaya da wata hula mai jan tuntu, matan unguwa suka yi ta yi masa tsiya. Ya zauna a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida yana gaya mana jirginsu a kan ruwa yake sauka kamar agwagwa, kuma daga kan ruwa yake tashi. Kawu Mainassara ya ce ƙarya ma tana da iyaka. Kwana goma sha biyu ya yi mana. Da na san su ne na ƙarshe, da ban je gona ba ko sau ɗaya.

To, bayan an gama girbi sai ga baƙo, wani Sallau mutumin Tasawa. Tare suka yi soja da Barau, bayan yaƙi ya tsaya aikin tashar jiragen ruwa, sai bana ya dawo gida. Bai ko yi mako a garinsu ba ya ɗauko akwatin Barau ya kawo mana. A ciki akwai butarsa da carbinsa da hular nan, da turmin zane da ya saya wa Hinda. Inna ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ta ce ya faɗa mata komai, kada ya rage don tsufanta.

Sallau ya ce shi ne ke tuƙa kwale-kwalen da ke kai su Barau wajen jirgin kowace safiya. Aikinsu su bi manyan jiragen ruwa daga sama suna tsaronsu, don Jamus suna da jiragen da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa suna nutsar da mutane. Barau ne mai kula da injuna idan an tashi. A ranar yana fama da ciwon haƙori, kumatunsa ya kumbura, har babbansu ya ce ya zauna wani ya tafi. Barau ya ce inji ɗaya yana wani tari da shi kaɗai ya san kansa, ba zai bar mutum goma su tashi da shi ba ya nan ba. Suka tashi da hantsi. La'asar ta yi ba su dawo ba. Kwana huɗu ana nema, ba a ga komai ba sai mai a kan ruwa da guntun fiffike.

Inna ta tambaye shi ko babu wata gaɓa a can gaba da mutum zai yi iyo ya fita. Sallau ya sunkuyar da kai, ya ce Inna, babban jirgi ma sai ya fi kwana goma yana tafiya kafin ya ga ƙasa. Ta ce to ya yi salla ranar? Ya ce tare suka yi asuba a bakin ruwa, Barau ne ma ya ja su. Can ta dube ni ta ce, Halilu, je ka kira Liman.

Liman ya ce a mazhabarmu ba a yi wa wanda babu gawarsa salla, amma a sauke Alƙur'ani a yi sadaka. Aka yi, mutane suka zo har daga Bande da Dungas. Alƙali ya yanke Hinda ta shiga takaba, ta kusa fita. Inna da bakinta ta ce mata in ta gama ta yi aure, ai ta riga ta yi wa Barau abin da ya fi ƙarfin haƙƙi. Abin da ya tsaya wa Inna a rai shi ne rashin kabari. Sai ta ce a haƙa rijiya da sunansa a gefen gonar Baba, kan hanyar Yekuwa, inda matafiya da makiyaya ke wahalar ruwa. Mazan unguwa suka fito babu wanda aka roƙa, Kawu Mainassara da furfurarsa yana jan ƙasa da guga yana share hawaye. A zurfin gaba tara muka tarar da ruwa, mai daɗi, ba kanwa. Muka kai Inna a kan jaki, ta sha na farko, ta wanke fuska, ta ce yanzu ta san inda za ta riƙa zuwa. Mutane sun riga sun sa mata suna Rijiyar Barau.

Ga saƙon Inna, ta ce in rubuta shi yadda ta faɗa. Ta ji kuna shirin ƙetarawa Jidda bana. Ta ce idan kin shiga jirgi kin kai inda ba a ganin ƙasa, ki tashi tsaye ki yi wa ƙanenki addu'a, ki kira sunansa da ƙarfi, don ke ce za ki fi mu kusa da shi. Sannan ki duba ruwan da kyau, ki rubuto mata yadda yake, domin ta tambayi Sallau sau uku ya kasa kwatanta mata.

Ki gaida Malam Jibo da kyau, ki gaida Usmanu da Balki. Inna da Hinda da Saratu da Kawu Mainassara suna gaishe ku. Allah ya jiƙan Barau da waɗanda suka tafi tare da shi, ya sada mu da alheri.

Ƙanenki mai begenki,
Halilu