Takardunku da Aka Tattake a Kasuwarmu

Zuwa ga Shugaban jam'iyyar Babana na jihar Maraɗi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da ladabi, da fatan kana lafiya kai da iyali. Sunana Balkisa, 'yar Malam Habu tela, wakilinku a ƙauyenmu na karkarar Gidan Sori. Ni ko a lakol, cikin aji, ba na iya ɗaga hannu in yi magana. Tsoro ne ya sa na ɗauki alƙalami.

1. Tun da kuka faɗi zaɓe Baba bai bar ku ba. Shi ya ɗinka tutocinku. Ya yarda da zancenku na taki mai rahusa, da ɗakin haihuwa, da hana mai kuɗi haɗiye gonar talaka. Mutane ma ba su ƙi wannan ba fa. Abin da nake ji a bakin rijiya shi ne, wai 'yan boko ne ku, kun zo miting aka kira la'asar ba ku kashe lasifika ba.

2. Ina jin maganar ta iso buronku, can ofishin jam'iyya, shi ya sa kuka buga sababbin takardu da Bisimilla da aya a samansu. Ranar kasuwa motarku ta ratsa gari ko tsayawa ba ta yi ba, samarinku na watso su ta taga kamar alewar biki. Ranka ya daɗe, an yi ruwa da safen nan. Na ga sunan Allah cikin taɓo. Na ga jakin amalanke ya taka. Iska ta kai wasu kara, inda ake saida dabbobi, cikin kashin shanu. Wani tsohon makiyayi ya durƙusa yana tsinta yana gogewa da rawaninsa, yana ta faɗin wa ya yi wanga aiki. Aka nuna masa shagon Baba.

3. Ni da Inna muka bi gari muna tsinta har magariba, guda ɗari da sha huɗu. Na shanya su, na kwashe littattafaina na soyayya daga akwatin ƙarfe na adana takardun ciki.

Daga ranar ba wanda ya sake kawo ɗinki. Baba Sale, maƙwabcinmu da suke cin tuwo kwano ɗaya da Babana, ya zo ya karɓi yadinsa ko yanka ba a yi ba. A masallaci ana bar wa Baba fili dama da hagu cikin sahu. Sau biyu aka jefi rufin shagon, samari na cewa keken ɗinkin za su ƙona. Yanzu Liman da Maigari sun kira Baba gaban jama'a bayan sallar Juma'a.

4. Baba ya kira buronku. Sakatare ya ce aikin 'yan adawa ne, a yi haƙuri. Wallahi ba 'yan adawa suka watsa ba, da idona na gani. Baba ya ce zai amsa laifin, alhali ko gaya masa za a zo ba a yi ba. Inna ta fara ɗaure kaya a ɓoye.

Ga roƙona. Ka zo da kanka ranar Juma'a, ba da kiɗa ba, ba da tuta ba. Ka tuɓe takalmi, ka zauna kan tabarmar Liman, ka ce ku kuka yi kuskure. Ka karɓi takardun daga akwatina ka miƙa masa, shi ya san yadda ake yi da su. Kuma don Allah kada ku ƙara buga aya don neman ƙuri'a. Muna da ita a allo.

Cikin littattafan da nake karantawa, wanda ake jira yakan iso a shafin ƙarshe. In tsoro ya kama ni sai in leƙa can in gani, hankalina ya kwanta. Wannan karon ba inda zan leƙa. Saura kwana uku.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare hanyarka, ya sa tausayin Babana a zuciyarka.

Wassalam.

'Yarka,
Balkisa Habu