Turakun Ragarmu a Cikin Ruwa

Daren Alhamis, ƙarshen kaka, Sabuwar Maradun

Ladan, tsohon ɗan wasan ƙungiyarmu, ya zo yau daga Sakkwato. Babbar ƙungiya yake buga wa ƙwallo yanzu, har albashi ake ba shi. Ya ce filinsu ciyawa ce shar, da wurin zaman 'yan kallo. Na yi masa murna, amma raina bai so jin labarin ba.

Shi ya nace sai ya ga tsohon filinmu. Muka shiga jirgin wani masunci. Filin da muka share da fartanya, inda muka ɗauki kofin gunduma, duk ruwan dam ya shanye shi. Kawunan turakun raga kawai suka rage, giginyar da muka ɗauko a kafaɗa.

Ladan ya nuna ruwa ya ce, "Kyaftin, nan munka kori 'yan Bakura, ka tuna?"

Na tuna. Na kuma tuna bara, da yara suka roƙe ni mu yi wasan bankwana kafin a tashe mu. Na ce a bari sai an gama yankan gero, ruwa ba gudu yake ba. Kafin a ɗaure damma kowa ya watse.

Da za mu juyo, masuncin ya daki turke ɗaya da filafili ya ce, "Itacen ga yaga mini taru sukai, gobe zan tumɓuke su."

Ladan ya dube ni, yana jiran kyaftin ya yi magana. Na sunkuyar da kai.