Jifan Raushan a Mashigar Burkit

Zuwa ga ɗana Darhan, a Aktau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da matarka Saule da yara, kamar yadda ta bar mu. Allah ya tsare ka a wurin aikin nan naka na rijiyoyin mai, ya raya mana Aisulu da Timur, ya sa albarka a abin da kuke ci. Mu nan alhamdulillahi. Gwiwar mahaifiyarka ta yi sauƙi tun da ta koma shafa kitsen doki ta ajiye man shafawar da kuka aiko, amma kada ka faɗa wa Saule. Saniyar nan mai ƙaho ɗaya ta haihu a tsakiyar sanyi kamar da gayya, yanzu maraƙin a ɗakin girki yake kwana. Dusar ƙanƙara bana ta kai taga, sau biyu sai da muka haƙe ƙofa kafin mu ga waje.

Saƙonka ya iso. Mahaifiyarka ta ce ka gaya mata a waya ta ɓoye katakon zamiyata, wanda nake ɗaurawa a ƙafa in yi tafiya a kan ƙanƙara, wai mai shekara sittin da shida ba shi da aiki a kan dutse, in tattara in zo wurinku in riƙa kallon teku. Ta kuwa ɓoye, a bayan murhu! Wurin ɗumi fa, Darhan, matar da ta yi shekara arba'in a gidana. Ƙanƙarar da ke jikinsa ta narke, fatar ƙafar dokin da aka manna a ƙarƙashin katakon ta jiƙe sharkaf, sai da na yi kwana biyu ina shanya ta a rumfa ina taje gashin, don in an fita da ita haka sai ta daskare ta ƙi kama tudu. Ban yi mata faɗa ba, na san ba daga kanta abin ya fito ba. Na zaɓi in ba ka amsa a rubuce, saboda abin da zan faɗa yana da tsawo, kuma ina so ka kai ƙarshe kafin ka fara musu.

Baffanka Kenjebek bana ma yana can bayan mashigar Burkit, ƙetaren dutse, da dawakanmu, shi kaɗai. Aka yi guguwa kwana tara cur, rediyon da yake kiranmu da shi ya yi shiru, kuma a lissafin matarsa ƙwayoyin hawan jininsa sun ƙare. Ranar da gari ya washe muka ɗaura kaya da sassafe, ni da ƙanwarka Raushan da sa'ana Mereke, ɗauke da gishiri da gari da shayi da maganin. Mereke ya ce shi ba don Kenjebek ya fito ba, ya zo ne ya ga inda zan kifa da kai ya samu labarin da zai ci shayi da shi har bazara. Na ce masa to ya matso kusa, tunda idon nasa ba ya bambance doki da akuya sai ya shafa. Sanyi ya kai inda numfashi ke daskarewa a gemu, amma gashin fatar ya kama tudu tsaf, ƙafafuna kuma ba su yi mini gardama ba ko sau ɗaya.

Ni ke gaba, kamar yadda nake tun kafin a haife ka. Ka san aikin na gaba biyu ne: ya fasa hanya cikin ƙanƙarar da ta kai cinya, kuma ya saurara. Idan sabuwar ƙanƙara ta zauna a kan tsohuwa ba su kama juna ba, takan yi nishi a ƙarƙashin mutum, wani sauti mai nauyi kamar saniya ta kwanta. Duk wanda ya ji shi ya juya ya bi sawunsa, don gangaren na iya zabtarewa da shi gaba ɗaya. Ni na koya maka haka, ni na koya wa Raushan, in kunne ya ji jiki ya tsira. Da hantsi muka iso babban gangaren da ke ƙasan mashiga. Na duba iska, na caka sandata, ban ga abin da ya dame ni ba, na ce su tsaya a bakin duwatsu in fara shiga ni kaɗai. Na yi taku kamar talatin, raina fes, har ina jin daɗin yadda katakon ke tafiya.

Sai na ji abu ya buge ni a ƙeya, ƙwal! Na juya na ga dunƙulen busasshen cuku a cikin ƙanƙara, irin wanda mahaifiyarka ke yi, da za a iya fasa taga da shi. Raushan ce ta jefo, kuma ga wani a hannunta tana shirin ƙarawa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma wurinsu ina huci, na tambaye ta ko a makarantar likitan dabbobin aka koya mata jifan ubanta. Ta ce ƙanƙarar ta yi nishi sau biyu a ƙarƙashina, ta kira ni har muryarta ta dishe ban waiwayo ba, kuma da ta biyo ni nauyinmu biyu zai ƙarasa abin. Na ce ban ji komai ba, iska ce kawai take yi mata wasa da kunne. Na dubi Mereke don ya goyi bayana, ko ya yi mini dariya ma in samu wanda zan zaga. Shekara sittin ina tare da mutumin nan, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce Tolegen, wallahi ta yi, shi har a tafin ƙafarsa ya ji, kuma shi ma ya kira sunana sau uku.

Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Muka bar gangaren muka hau ta kan doron dutsen, hanyar da ta ƙara mana awa uku, iska na dukan fuska har hancin Mereke ya yi fari muka tsaya na murza masa. A nan kam sun ga amfanin tsoho, don ni na san inda leɓen ƙanƙara ke rataye a kan rami da inda ƙasa take a ƙarƙashi, kuma ban kauce ko taku ɗaya ba. Muka ƙetare mashiga muka zame zuwa kwari, kowa ya jingina da sandarsa, muka iso bukka rana ba ta faɗi ba. Mun sami baffanka lafiya lau yana soya nama, batir ne kawai ya mutu. Dawaki duk suna nan sai ƙaramar goɗiya ɗaya da kyarkeci ya kayar. Da Mereke ya ba shi labarin cuku, bai yi dariya ba shi ma. Ya ce yaya, ai shekara biyu ke nan kowa a garin yana ɗaga maka murya, kai kaɗai ne ba ka sani ba, kana ta cewa mutanen yanzu ba su da ladabi sai ihu.

Na ji zafin maganar, ba zan ɓoye maka ba. Na ji kunya kuma, don na tuna sau nawa na ce wayarka ce ba ta da kyau.

Bayan kwana biyu muka juyo. Da muka hau mashiga na leƙa gangaren nan, yana nan daram bai zabtare ba, ga sawuna na taku talatin a kansa kamar yanzu na yi shi. Raushan ta sunkuyar da kai ta ce in yafe mata, wataƙila da mun wuce lafiya, ta sa mu wahala a banza. Mereke kuma, da bakinsa ya dawo, ya ce to ga shi an fasa wa tsoho ƙeya kyauta. Da na so, a nan zan karɓe girmana, ba wanda zai ce uffan. Amma ni na san gangare bai yi wa kowa alkawari ba, ya bar ni ne kawai a wannan karon. Na ce mata ba ta yi laifi ba, gobe ma in ta ji ta jefa, kuma ta zaɓi babba. Sannan na matsa gefe na ce ta wuce gaba. Ta tsaya tana kallona, ta ce Baba me mutane za su ce in suka hango mace ta shigo gari a gaban maza biyu masu furfura. Na ce za su ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wanda ya ce wani abu daban ya zo ya same ni, ya kuma ɗaga murya sosai. Ta kai mu gida kafin la'asar, kuma sawun da ta fasa ko ni ba zan gyara shi ba.

To ga amsata. Ba zan zo Aktau in zauna ba, sai dai ziyara in ƙanƙara ta narke. Gwiwata lafiya, idona lafiya, na san dutsen nan fiye da duk wani mai rai, kuma zan ci gaba da hawansa muddin Allah ya bar ni a tsaye. Sai dai daga yau ni ne na biyu a layi. Ina nuna hanya daga baya, ita tana saurare daga gaba, ka ga hankalinka sai ya kwanta. Ka daina saka mahaifiyarka a tsakiya. In kana son yi mini wani abu, ka tambayi likitocin can abin sawa a kunne mai ƙara ji, ba don dutse ba, don in ji abin da Aisulu ke ce mini a waya.

Akwai abu ɗaya da nake so ka ji daga gare ni kafin ka ji a bakin wani. Wurin nan na gaba naka ne na ajiye. Shekara goma sha huɗu tun da ka tafi nake riƙe da shi, kowane sanyi ina cewa bana kaɗai, baɗi Darhan zai dawo, kuma ina jin shi ya sa na ƙi yarda kunnena ya tafi. Ba gori nake maka ba, kana ciyar da iyalinka da guminka, kuma ina alfahari da kai. Amma na daina jira. Na ba ƙanwarka, kuma ta cancanta. Ka kira ta da kanka ka sa mata albarka a matsayinka na wanta, don na lura ba ta sake ba har yanzu, tana ganin kamar kayanka ta ɗauka.

Ka gaishe mini da Saule da iyayenta, ka shafa kan Aisulu da Timur. Mahaifiyarka Gulsim na gaishe ku, haka baffanka Kenjebek da matarsa Bagila. Mereke ya ce in gaishe ka, wai ka aiko masa da kifi. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mahaifinka,
Tolegen